Saurayin da Ke Cikin Wayata

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sakandare, ruwa ya yi mana ambaliya a Haɗeja. Makarantarmu ta koma masaukin waɗanda gidajensu suka rushe, aka ce kowa ya zauna a gida, ga jarrabawar fita ta matso. Ni kuwa na ƙwallafa rai a kan makarantar koyon aikin jinya, kuma ba a shiga sai an ci bayoloji.

Malaminmu na bayoloji, Allah Ya saka masa, ya riƙa ɗaukar darasi da muryarsa yana turowa a guruf ɗin aji. Sabis ba ya kamawa a gidanmu, sai na hau jingar da aka yi don tare ruwa in sauke, in dawo in saƙala abin sauraro a kunne ina maimaitawa. Kaina ba mai saurin ɗauka ba ne, darasi ɗaya sai in ji shi har in fara jin haushin muryar malamin.

A lokacin gwaggona ta taso daga Kirikasamma ta sauka a wurinmu, ita ma ruwan ya cinye mata ɗaki. Gwaggo ba ta raina abin magana. Wata rana abin sauraron ya zare daga wayar, ta ji muryar namiji yana cewa "zuciya", yana haɗawa da Turanci. Shi ke nan. Kafin la'asar ta kai wa mahaifina cewa na yi saurayi ɗan boko a waya, kullum zancen zuciya yake mini, har kan jinga nake zuwa dominsa. Aka tuno gwajin da na faɗi kafin ambaliya, aka ce ga dalili nan. Baba ya karɓe wayar ya jefa a aljihu.

Na yi kuka na gaji, sai taurin kaina ya motsa. Washegari da hantsi na sami Baba a zaure tare da baffana, na durƙusa.

"Baba, an ce na yi saurayi. To ai a gidan nan ba a korar manemi sai magabata sun ji ta bakinsa. Ga shi nan a aljihunku, a ba shi dama ya yi magana."

Baffa ya zaro ido. "Ke! Mahaifin naki kike faɗa wa haka?"

"Ku yi haƙuri, Baffa, amma a saurare shi. In kun ji abin da bai dace ba, ni da kaina zan jefa ta kogi."

Baba ya miƙo mini, na kunna. Malam ya shiga bayanin yadda zuciya take harba jini zuwa huhu ya dawo. Dattawan biyu suka kasa kunne, ni kuma da gangan na ƙi kashewa, har ya kai ƙarshe ya ba da aikin gida. Baffa ya yi gyaran murya ya kama duban bango. Baba ya ce, "To, wannan manemin naki surutu gare shi. Ɗauki abarki."

Na ci jarrabawar, yau aikin jinya nake yi. Ban ce waya ba ta ɓata ɗalibi ba. Yayana ƙwallo ya yi ta kallo a tasa har ya faɗi, kuma babu wanda ya taɓa tuhumarsa. Amma duk wanda ya ce mini a ƙwace wayar yarinya don karatunta ya gyaru, sai na tambaye shi ko ya taɓa buɗewa ya ji abin da ke ciki, kuma ba na sassauta murya.

Har yau raina yana ɓaci saboda ƙawata da muke zama benci ɗaya. Ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Ita ma an karɓe wayarta a waccan daminar, sai dai a gidansu babu wanda ya saurara. Ranar jarrabawar bayoloji ina kallo ta kifa kai a kan takardarta, tun ba a ce a ajiye biro ba.