Mai Tashin Inna da Asuba

Inna ta kurmance ina da shekara bakwai. Sanƙarau ne ya kwantar da ita a wata bazara, ta tashi da ranta, amma kunnuwan sun tafi. Magana ba ta ɓace mata ba, sai dai ba ta sanin ƙarfin muryarta. Wani lokaci ta cika tsakar gida, wani lokaci kuma sai ka kai kunne bakinta. Mu 'ya'yanta muka koyi tsayawa a gabanta in za mu yi magana, don leɓe take kallo.

Gidanmu a Mandawari yake, katanga ɗaya ta raba mu da masallacin lungunmu. Kowa kiran salla ke tashinsa, ban da ita. Baba, wanda sana'arsa ɗinkin manyan riguna ce, shi ya ɗauki nauyin tashinta. Tun da wuri ya gane ba ta son a taɓa ta tana barci, domin ba ta jin takun mai zuwa, sai dai hannu ya sauka a kanta cikin duhu, ta firgita. Sai ya koma amfani da fitilar ƙwai. Yakan kunna ta, ya rage lagwani, ya ajiye a kan kujera 'yar tsugunno daidai fuskarta, ya riƙa ƙara wutar kaɗan-kaɗan har ta buɗe ido. Sannan ya fita alwala.

Don kada ya makara, sai ya tsare kansa. Ba ya cin goro bayan la'asar. Tuwonsa tsakanin magariba da isha'i yake ci, loma kaɗan. Ana sallame isha'i yake rufe zaure, abokansa na masa tsiya wai tare da kaji yake kwanciya. Bayan azahar kuwa, ko rigar wa ke hannunsa, sai ya ajiye allura ya ɗan kishingiɗa a kan buzu. Mun taso muna ganin haka, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Ya rasu a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ana saura 'yan makonni a rantsar da sababbin shugabanni. A lokacin ina aure a Zaitawa, ina koyarwa a firamare. Mijina ya yarda in koma gida in zauna da Inna har ta fita takaba.

Kwanakin farko gida cike yake da 'yan zaman makoki, wani ya tashi wani. Da aka watse, muka rage daga ni sai ita. Ni kuwa mai nauyin barci ce, ga shi na saba da shan shayi bayan isha'i ina duba littattafan ɗalibai, rediyo na gefe ana ta musu kan wa za a ba wane muƙami. Ranar farko da muka kwana mu biyu, na ji kiran salla kamar a mafarki, na ce bari in ƙara minti biyar. Da na farka, rana ta sauko har rabin katanga. Na iske Inna zaune a bakin gado tana kallon hasken.

"Auta," ta ce, "shekara talatin rana ba ta taɓa riga ni ba."

Ba faɗa ta yi ba. Ta ɗauki buta ta fita.

Washegari na tashi a kan lokaci, amma cikin gaggawa na manta, na kama kafaɗarta na girgiza. Ta kurma ihu, ta kai mini hannu a fuska, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga tana tambayar ko lafiya. Inna ta daɗe tana haki, ta riƙe ƙirji. Duk yinin ranar ba ta ci abin kirki ba.

Daga nan na ajiye shayin dare, na kashe rediyon, na mayar da duba littattafai zuwa bayan la'asar. Da na dawo daga makaranta sai in ɗan kwanta kamar yadda Baba ke yi. Na ɗauko fitilarsa daga kan ƙusa, na wanke ƙwan da toka, na datse lagwanin. Sai da na yi kusan mako kafin jikina ya karɓa, na fara farkawa kafin ladan ya buɗe baki.

Asubar da na fara yi yadda ya kamata, na ajiye fitilar, na durƙusa ina murza ta a hankali. Hasken ya hau kan fuskarta. Ta motsa, ta yi murmushi ido a rufe, ta ce da 'yar ƙaramar murya, "Malam, har an kira?"

Sannan ta buɗe ido ta gan ni.

Na ga lokacin da abin ya dawo mata. Ta juya fuska bango, ta ce, "Je ki yi alwalarki, ina zuwa." Na fita tsakar gida na zauna kusa da randa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawar Baba.

Da takaba ta kusa ƙarewa, hankalinta ya tashi. Ta san zan koma ɗakina. Na lura ta daina barcin kirki, tana kwana tana gyangyaɗi a zaune don tsoron makara, da rana kuma jiri na ɗibarta. Na roƙe ta ta biyo ni Zaitawa, yayana ma ya roƙe ta ta koma wurinsa.

"Nan aka kawo ni," ta ce, "daga nan za a ɗauke ni."

Mun gwada dabaru. Mun jawo gadonta ƙarƙashin taga, muka cire labule, amma kafin hasken gari ya shigo lungu mai dogayen katangu irin namu, an daɗe da idar da salla. Agogo mai ƙararrawa ba shi da amfani a wurinta. Yayana, wanda gyaran rediyo yake yi a Shahuci, shi ya kawo shawarar da ta yi aiki. Masallacin na da batirin mota da ake kunna lasifika da shi, tunda ba a dogara da wutar lantarki. Ya je ya sami liman ya yi masa bayani. Liman ya ce, "Don wannan ai ba sai an nemi izini ba. Mahaifinku shekara nawa yana tsaye a bayana." Yayana ya jawo siririyar waya ta kan katanga, ya rataya ƙaramin ƙwan fitila a saman gadonta. Da ladan ya kunna lasifika, ƙwan ya kama.

Da la'asar aka gwada. Inna na zaune, ƙwan ya haska, ta dube ni. Na ɗora hannuwa a kunnuwana kamar mai kiran salla. Ta rufe baki da mayafi.

"Yanzu yake kira? Yanzu-yanzu?"

Na gyaɗa kai. Ta fara amsa kiran a hankali, jimla bayan jimla, tana ƙiyasta inda ya kai. Tun ina ƙarama rabon da in ga ta amsa kiran salla tare da jama'a.

Ta yi shekara biyu da wannan ƙwai. Takan ce haskensa ba shi da ladabi, faɗo wa mutum yake yi gaba ɗaya, amma ba ta sake makara ba. Nakan biya kullum bayan makaranta, in same ta ta yi ƙailularta ta tashi.

Ciwon ajalinta a ƙirji ya kama ta, muka kai ta asibiti. Ɗakin da aka kwantar da ita ba shi da taga ta kusa, kuma fitilunsa a kunne suke dare da rana. Nan lokaci ya rikice mata. Duk sanda ta farka ta ga haske a kanta, sai ta kamo hannuna.

"Auta, asuba ta yi?"

Da farko nakan nuna mata agogo, in gaya mata hantsi ne, ko yamma ce. Sai ta ɓata fuska, ta shiga damuwa wai mun bar ta ta makara, numfashinta ya ƙara sama. Yayana ya ja ni gefe ya ce, "Ki daina gardama da ita. Allah ya san abin da take nufi."

A ranarta ta ƙarshe, sau huɗu tana tambayata, sau huɗu ina gyaɗa mata kai. In miƙa mata dutsen taimama, ta shafa, ta yi raka'a biyu a kwance da nuni. Bayan ta huɗun ta ce in gyara mata filo, ta gaji. Na gyara. Ana gab da kiran azahar ta cika, yayana ya rufe mata ido, ni kuma na fita neman wanda zai kai saƙo gida.