Karsanar da Shaidun Maigidana Suka Karɓo Mini

Na tsufa, har sunayen jikokina nakan gauraya su, amma ranar da na kai maigidana ƙara gaban alƙali a Tanout ba za ta fita kaina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

A lokacin Nasara bai daɗe da zama a Damargu ba, ni kuwa ina saurayi, ba ni da ko akuya. Yunwar da aka yi ina yaro ta share garken ubana tas. Sai na kama aikin jan ruwa wurin wani mai dukiya da ke shayar da dabbobinsa a wata rijiya wajen Tarka. Wanda bai san rijiyoyinmu ba zai ce jan ruwa wasa ne. Ka zura wasaki, wato gugan fata, ka kora takarkari da igiya har ya yi nisa, sannan ruwa ya iso baki, ka juye a kwami, wato abin da dabbobi ke shan ruwa a ciki, ka koma. Haka tun safe har rana ta faɗi. Abin da muka shirya da shi a baki shi ne in yi aiki daga ƙarshen kaka har ruwan farko, ya ba ni karsana ɗaya. Akwai wata ja mai farin goshi, ita na sa wa ido. Kullum in ta zo shan ruwa sai in ce mata ta sha da kyau, tawa ce.

Da hadari ya fara haɗowa, ruwa saura ƙiris, sai maigida ya kira ni ya ce in tattara tabarmata. Na ce to, karsana fa? Ya ce wace karsana?

Kawuna ne ya ce mu je wurin alƙali, don kumandan, wato Nasaran da ke mulkin wurin, ya bar irin wannan rigima ta ɗan aiki da maigidansa a hannun alƙalai. A hanya ya yi ta ja mini kunne. Ya ce, "Kai ɗan nan, na san bakinka. Can ba kasuwa ba ce. In an tambaye ka ka amsa, in ba a tambaye ka ba ka haɗiye." Na ce na ji, alhali na shirya maganar da za ta kai mu la'asar, har da tarihin kakan maigida.

Alƙalin wani tsoho ne siriri, yana zaune kan buzu a zaure, idonsa rabi a rufe, sai ka ce barci yake. Ya ce mai ƙara ya fara. Na faɗi abin da muka shirya da yadda aka kore ni. Ina shirin shiga zancen kakan, ya ɗaga hannu, dole na tsaya. Ya juya wurin maigida. Maigida ya gyara rawani ya ce lalle an yi maganar karsana, amma yaron nan tun sanyi bai fita ba ya watsar da aiki ya kama yawo, saboda haka ba ya bin sa komai. Na yunƙura zan tashi, kawu ya danne mini ƙafa da gwiwarsa.

Alƙali ya ce da ni, "Kai ka kawo ƙara, kai za ka kawo shaida. Ina shaidunka?"

Ba ni da su. Duk wanda ya gan ni a bakin rijiyar nan, ko dai yana cin tuwon maigida, ko yana shayarwa a rijiyarsa. Na ce, "Allah ya gafarta malam, sai takarkarin." Ba wanda ya yi dariya. Alƙali ya ce ba a karɓar shaidar takarkari. Ya ce tun da haka ne, rantsuwa ta koma kan wanda aka kawo ƙara: ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya ce na bar aiki tun da sanyi, shi ke nan magana ta mutu. Wallahi a nan na ga jar karsanar nan tana tafiya ta bar ni.

To, maigidana yana iya cin haƙƙin mutum, amma yana tsoron Alƙur'ani. Ya dubi littafin, ya dubi ƙasa, ya ce ai abin bai kai ga rantsuwa ba, ya zo da mutane uku da za su faɗi ko wane irin ɗan aiki ne ni. Alƙali ya ce ba a nemi shaida daga gare shi ba, amma tun da ya wahalar da bayin Allah, su shigo ɗaya bayan ɗaya.

Na farko wani Bafillace ne mai shayarwa a rijiyar. Ya ce shi da idonsa ya sha tarar da ni ina barci a jikin kwami, shanu na jira. Alƙali ya ce, "Yaushe?" Ya ce da sanyi. Maigida ya gyaɗa kai.

Na biyu wani Buzu ne mai raƙuma. Ya ce shi bai taɓa jin mummunar murya irin tawa ba, kuma ba na yin shiru, in na fara waƙa raƙumansa sai su ɗaga kai su ƙi shan ruwa. Wannan ta fi yi mini ciwo, don har yau ban yarda ba. Alƙali ya ce, "Yaushe?" Ya ce duk watan azumi. Azumin shekarar kuwa a tsakiyar zafi aka yi shi. Maigida ya daina gyaɗa kai.

Na uku babban baran gidan ne, ya shigo da zafinsa. Ya ce wannan yaro sakarai ne, ya saki sabon wasaki cikin rijiya, suka wuni suna lalube da ƙugiya. Alƙali ya ce, "Yaushe?" Ya ce, "Ai ranar da hadarin farko ya taso ne, kashegari maigida ya kore shi." Maigida ya yi tari, ya sake yin tari, amma magana ta riga ta fita.

Alƙali ya buɗe idonsa duka biyu, karo na farko tun da muka zauna. Ya ce da maigida, "Mutanenka masu gaskiya ne. Sun tabbatar mini yaron nan yana da barci, ba shi da murya, kuma hannunsa na da santsi. Sun kuma tabbatar mini yana bakin rijiyarka da sanyi, yana nan da zafi, yana nan har hadari ya taso. Da kuka shirya, ka ce sai mai daɗin murya za ka ba karsana?" Maigida ya ce a'a. Alƙali ya ce, "Wa ya tsayar da aikin, kai ko shi?" Maigida ya kama gyaran rawani. Alƙali ya ce ya ba ni karsanata kafin Juma'a, ni kuma in ɗinka masa wasakin da ƙugiya ta yaga.

Na buɗe baki zan ce a rubuta cewa maganar murya ƙarya ce, kawu ya sake danne ni.

Na samu jar karsanar. Na kuma samu suna, don daga Tanout har Tarka ba wanda bai ji labarin mutumin da ke hana raƙumi shan ruwa ba. Da na je neman aure, abin da surukina ya fara roƙo shi ne kada in yi waƙa a gidansa.

Abin da na koya ranar, kuma nake gaya wa duk mai zuwa shari'a da maigidansa ko da ɗan aikinsa, shi ne alƙali ba halinka yake aunawa ba. Abu biyu yake nema: me kuka shirya, kuma an yi ko ba a yi ba. Ni na je da niyyar ɓata maigida, aka rufe mini baki, na ci. Shi ya zo da niyyar ɓata ni, aka bar shi ya yi son ransa.

Duk saniyar da ke garkena yau daga tsatson jar karsanar nan ta fito. Mutanen nan uku kuwa, har suka bar duniya, kowace Sallah sai na aika musu da ƙwaryar nono. Buzun ne kaɗai ya taɓa aiko da amsa. Ya ce ya gode, amma yana nan kan bakansa.