Yaya Ya Tafi Muna Kan Hanya

Ranar Alhamis, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yayanmu a gadon asibiti, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Yaya, jama'a sun san ka da gyaran talabijin. Sun san shagonka mai ƙaurin dalma, da akwatunan da ke jere ciki a buɗe, da tsofaffin da kake yi wa aiki ka ce su je kawai. Mu kuwa ƙannenka mun san ka da tara mu. Duk hutun ƙarshen shekara sai ka share bayan shago, ka jera benci, ka kunna tsohon fim ɗin barkwancin nan na 'yan'uwa uku da suka ɗauko wa mahaifiyarsu ƙaton firiji za su kai mata gida lokacin hutu. Direbobi su ƙi ɗaukarsu, jirgin ƙasa ya bar su a tasha, ruwan sama ya ba su kashi. Kaset ya mutu ka nemo faifai, faifai ya karce ka tura shi cikin waya. 'Ya'yanmu da aka haifa shekaru bayan fitowarsa suna kwashewa da dariya a daidai inda muka yi muna yara. Kai kuma tun kafin wurin ya zo kafaɗunka sun fara rawa.

Na taɓa tambayarka ko ba ka gajiya da shi. Ka ce duk wanda ya taɓa kama hanyar gida ya san wahalar nan. Sannan ka ƙara da cewa, "Duba da kyau. Suna ta zagin juna, amma ba wanda ya saki gefensa."

Na san da wa kake. Tun rasuwar Inna, ƙannenka Dogo da Auta suka daina magana da juna, saboda Dogo ya ce Auta ya yi sakaci da jinyarta. Ka yi rarrashi, ka yi faɗa, abin ya faskara. Sai dai ba wanda ke iya ƙin kiranka. Su zo, wannan ya zauna bakin ƙofa, wancan kusa da fanka, wani lokacin dariya ta kufce musu tare, kowa ya yi sauri ya haɗe rai.

Da jiki ya tsananta, ka sa matarka ta kira mu, ka ce mu uku mu taho a mota ɗaya. Muka taho. Ba mu yi nisa ba injin ya ɗauki zafi. Muka lallaɓa, sai ga tirela ta faɗi ta tare titi. Muna tsaye a rumfar wani bakanike, yana ta ce mana saura kaɗan, wayata ta yi ƙara. Matarka ta ce, "Ku taho a hankali. Ya riga ya cika."

Auta ya durƙushe cikin baƙin mai. Dogo ne ya ɗaga shi, ya riƙe shi har mota. Na ce a raina shi ke nan, an shirya. Amma da aka dawo daga maƙabarta, kowa ya ja tabarmarsa gefe, masu gaisuwa suna bin su ɗaya bayan ɗaya. Jiya ƙaramar 'yarka ta tambaye ni ko za a yi kallo bana. Ba ni da haƙurinka, kuma ban san ko Dogo da Auta za su amsa kirana ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka da abokan sana'arka. Mu kuma da ka bari, Allah Ya sassauta zukatanmu, Ya haɗa kanmu tun muna da sauran lokaci. Amin.