Baƙaƙen Duwatsun Kaka Ilza

Goma sha bakwai ne a hannuna, goma sha shida a hannun mutanen da ban taɓa gani ba. In aka haɗa, talatin da uku, carbi guda cif. Abin da ya ɗauke ni daga Riyad zuwa birnin Riga, can ƙasar Turawa, ke nan, da hutun kwana biyar da kafili, Balaraben da nake zaune a ƙarƙashin izininsa, ya sa wa hannu.

Carbi nake sayarwa a kusa da kasuwar Batha. Da na roba na fara, na alhazai, yanzu kuwa kayana kaharaman ne, wato ƙaron itacen da ya daɗe a ƙarƙashin teku har ya zama kamar dutse. Wani dattijon Balarabe mai saye a wurina ya ga goma sha bakwan nan a aljihun tebur. Ya goga ɗaya a tafin hannunsa, ya shinshina, ya ce tsohon kaya ne na gaske, in na cika su talatin da uku in yanka kuɗin da bakina. Na ce masa ragowar na nan, gadona ne, wasu ne suka riƙe. Abin da na ɗauka ke nan a lokacin.

Duwatsun wuyan kakata ne, mahaifiyar babana. Sunanta Ilza, ’yar Riga ce. Kakanmu ya auro ta lokacin da ya je can karatun gyaran jirgin sama, ta zauna a Fagge har ta rasu. Hausa ta zauna mata daram, sai dai har ta bar duniya “ƙ” ba ta fita a bakinta. Ta sa an gina mata tanderu a tsakar gida, duk Alhamis tana gasa wani baƙin burodi mai tsami da alkama da dawa, tana ci tana ƙorafin ba haka na gida yake ba. Bayan magariba, kafin burodin ya nuna, sai mu jikoki mu kewaye bakin wutar. Ta ce, “Ku matso, ga wata daga garin ƙanƙara.” Mu ce ta shigo ta ji ɗumi.

Tana da tatsuniyoyin kyarkeci da na masunta, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta ’ya’yan mai burodi. Wa da ƙane ne, suna gasa burodi a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Yaƙi ya ci garin, gari ya ƙare a buhu, mutane na gudu ta teku. Abin da uwarsu ta bari kawai shi ne sarƙar duwatsun wuya guda talatin da uku. Babban ya ce a ba mai kwalekwale ya tsallakar da su. Ƙaramin ya ce a musanya da gari a ciyar da mutanen layi. Suka kama sarƙar, kowa da gefensa.

A nan Kaka takan ɗauki ƙarfen jan garwashi ta miƙe tsaye. Babban ya fara, da itace, a kan kunne. Ƙaramin ya rama da kai, haƙoran wansa biyu suka zube a cikin kwaɓin. Suka yi ta birgima a kan buhunan wofi, wannan ya ciji yatsan wancan har ƙashi. Daga ƙarshe ɗaya ya sami ƙarfe ya sauke wa ɗan’uwansa a ƙeya, sau uku, ya kuma danna fuskarsa a bakin tanderu har ya daina shure-shure. Igiya ta tsinke. Wasu duwatsun suka gangara ƙasa, wasu suka faɗa toka mai zafi. Akwai wata yarinya a ƙarƙashin akushin kwaɓi, ta cusa gefen rigarta a baki, tana kallo.

“Mai kisan ya tona toka da hannu ya kwashi nasa ya gudu,” in ji Kaka. “Da safe matar mamacin ta share na ƙasa. Shi ya sa rabon mai kisa baƙi ne.”

Mukan tambaye ta wa ya kashe wa, babban ko ƙaramin. Sai ta ce, “Kai, ɗan banza, burodi zai ƙone,” ta juya ga tanderu. Da muka girma babana ya gaya mana ba tatsuniya ba ce, Kaka ce yarinyar. Dukanmu muka yanke cewa ubanta aka kashe a gabanta. Ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta gyara mana ba. Da ta rasu duwatsun suka faɗo a rabona, tare da wani hoto mai sunan layi a bayansa.

Tsohon garin Riga duk daɓen dutse ne, lunguna matsattsu kamar na cikin birnin Kano, coci-coci da zakaran ƙarfe a ƙololuwarsu. Ni da na saba da zafin Al-Ud, unguwarmu a Riyad, riguna uku na saka. Na bi teburan masu kaharaman ina taɓawa saboda hali, rabin kayan roba ce, na wuce abina tunda ba kasuwata ba ce. Abinci kuwa sai na tambaya kafin in sa hannu, don naman alade har cikin wake suke sa shi. Na tsaya a kan kifin banda da baƙin burodi. Loma ɗaya na gane abin da Kaka ta yi shekaru tana nema a tanderun Fagge.

A kwana na uku na sami layin. Ɗakin ƙasan ya zama gidan shan shayi, bakin tanderun na nan an jera kyandir a ciki. Mai wurin ta san iyalin da suka taɓa zama a sama, ta haɗa ni da wata tsohuwa, Marta, da ’yarta mai jin Turanci. Marta ’yar baffan Kaka ce, tana jaririya aka yi abin.

Na shiga da shirina. Na riga na tsara cewa ba zan yi faɗa ba, zan nuna musu na san abin da ubansu ya yi, in bari kunya ta yi mini ciniki. Aka kawo shayi da burodi da man shanu. Na kwance ƙyalle na jera nawa a kan tebur. Marta ta daɗe tana kallonsu, ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin shayi, ta juye nata a gefen nawa.

Goma sha shida ne, huji iri ɗaya, yanka iri ɗaya. Amma nata garau suke kamar zuma. Nawa baƙi-baƙi, kowanne da tsaga a gefe guda. Shekara da shekaru ina cewa ranar Kano ce da man shafawa suka rina su. Ni da nake gane ƙonannen kaharaman daga nesa a hannun kowa, ban taɓa ganinsa a nawa ba.

Marta ba ta ɗaga murya ba. Ta bakin ’yarta ta ce uwarta ce ta share waɗannan daga ƙasa. Ta ce ubanta shi ne ƙaramin, an binne shi ba a bari kowa ya ga fuskarsa ba. Babban ya ɗauki ’yarsa Ilza ya gudu, kwalekwalen ma bai same shi ba. Sannan ta tambaya ko Ilza ta taɓa ba da labarin.

Na ce duk Alhamis.

“Ta faɗi wanda ya yi?”

Na ce ta faɗa, mu ne ba mu ji ba.

Na tura goma sha bakwan gabanta. Ta ƙi sau biyu, ta karɓa a na uku. Ba kyauta na yi ba, kayan da aka ɗauka a kan gawa ba a kai shi kasuwa, kuma na san ba zan iya kallon wani yana tasbihi da su ba. Ta naɗe mini burodi guda a takarda.

Da na dawo dattijon ya zo yana cewa, ya Abu Salma, ina amana? Na ce masa mai kayan ta karɓi abinta. Ya ce ni ba ɗan kasuwa ba ne. Na zuba masa gahawa, na sayar masa da wani carbin.

Yanzu ni ke ba ’yata Salma da ƙaninta labarin bayan magariba, a gaban murhun gas, rabi da Hausa rabi da Larabci don su gane. Salma ta yi mini tambayar da muka riƙa yi wa Kaka, na ba ta amsa kai tsaye: babban ne, kuma jininsa ne a jikinmu. Kaka ta ɗauki abin ita kaɗai, ta rataya shaidar a wuya muna gani, tana jiran ɗayanmu ya lura.

Na tafi da duwatsu goma sha bakwai, na dawo ba ko ɗaya. Na rasa ciniki mafi girma da ya taɓa zuwa teburina, na kuma rasa kakan babana da nake tausayi. Na samo burodi guda da muka cinye a kwana huɗu, da tsohuwa ɗaya a Riga da ke aiko wa ’ya’yana gaisuwar sallah.