Akori-kurar da Aka Koya wa Hawan Dutse

Duk wanda ya san Haɗeja ya san ba mu da dutse. Muna da yashi, muna da laka, muna da ruwan da ke zuwa kowace damina ya baje a fadama sai ya ga damar tafiya, amma in kana neman abin da za ka jefi akuya da shi, sai dai ka cire takalminka. A wannan garin ne maigidana, bakanike da hankalinsa, ya ce zai mai da akori-kurarmu motar hawan dutse.

Motar tsohuwa ce tun ranar da ya saye ta. Da ita yake kwaso bandar kifi da buhunan shinkafa daga ƙauyukan bakin kogi, wani lokaci ya leƙa kasuwar Birniwa. Ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaurewa, amma tana ciyar da mu, ban taɓa raina ta ba.

Maƙwabcinmu ne ya jawo, ko da yake ba da gangan ba. Malamin sakandare ne, Kirista, mutumin Filato, kowa a unguwa Ticha yake ce masa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kwanon abinci kuma bai daina tsallaka ta ba, da Sallah da Kirsimeti. Ticha yana da tsohuwar uwa a ƙauyensu, can kan dutse inda mota ba ta taɓa zuwa ba. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, yanar ido ta rufe mata gani, 'ya'yanta duk sun watse neman abinci. Ya yi ya yi ta dawo wurinsa, ta ƙi. Zuwan bai dame ta ba, saukowar ce matsala. Ta ce duk tsohon da ta ga an sauko da shi a kafaɗa, a kafaɗa aka mayar da gawarsa, don haka ita babu mai ɗaukarta. In ɗanta yana son ta, ya kawo mota ƙofar ɗakinta.

Wata la'asar Ticha ya zayyana wa maigidana wannan a ƙofar gida, har muryarsa ta karye. Ina tsakar gida ina surfa wake, na ji maigidana ya ce, "Haba Ticha, share hawayenka. Mota kawai? Ni zan kai wa Mama mota har bakin tabarmarta."

Da ya shigo na ce, "Malam, ka taɓa ganin dutsen kuwa?"

Ya ce, "Na gani a hoton Ticha. Ai bai wuce tafin hannu ba."

Na zaci wasa yake. Washegari na tarar da motar a kan kututturan itace, ba taya ko ɗaya.

Abin da ya yi wa baiwar Allahn nan, ko ni da ba bakanikiya ba na tausaya mata. Ya samo tayoyin wata tarakta da ta mutu a gonar noman rani, ya yanke gefen bodi don su sami wurin juyawa. Ya jibga mata sifirin babbar mota, ta miƙe sama. Ya ciro ƙafar gaba ta wata tsohuwar jif don tayoyi huɗun duk su riƙa ja. Ya ƙara mata akwatin giya na biyu a bayan na farko, ya ce dutse ba ya son gaggawa, kamar sun taɓa hira da shi. Mai walda ya fasa tsohon tankin ruwa ya manna mata a ciki don kada dutse ya farke ta. Da aka gama wannan, sai da tsani ake shiga. Kajina suka koma kwana a ƙarƙashinta, wani wanzami kuma ya shimfiɗa tabarma a inuwarta ya kafa sana'a, har ya fara yi wa yara faɗa in sun taɓa tayar.

Duk wannan lokacin ƙosaina ne ke riƙe da gida. An fara aikin muna 'yan Jihar Kano, aka wayi gari an ce mu 'yan Jigawa ne, motar ba ta motsa daga inda take ba. Ni haushi ya ishe ni, amma Ticha ya fi ni shan wuya. Duk wanda ya zo daga ƙauyensu sai ya ce Mama ta ƙara ramewa. Ya daina tambayar yaushe za a gama. In ya taso daga makaranta sai ya zo ya tsaya da farar rigarsa yana miƙa sifana, matarsa kuma ta ce mini abinci ma tsakura yake yi.

Ranar da injin ya tashi, sai tambayar da na yi tun farko ta dawo: a kan me za a gwada? Aka kai ta kan suri, suri ya rushe, gara ta watse ta hau masu kallo. Aka kai ta tudun yashi, ta nutse. Ticha ya ce ai in an wuce Jahun akwai duwatsu, a je can. Maigidana ya ce ba zai kai ta gaban baƙi ta kunyata shi ba, sai ta koya a gida tukuna. Yana faɗin haka idonsa ya sauka a kan dutsen niƙana.

Dutsen nan na mahaifiyata ne, ita ma daga tata uwar ta gada. Fatake ne suka kawo shi daga kudu a kan jaki, tsakiyarsa ta lotsa saboda hannun mata uku. Akwai injin markaɗe a unguwa, amma ƙosan da aka markaɗa a dutse daban yake tashi, masu saye sun sani. Ban da wannan ma, shi kaɗai ne abin mahaifiyata da ya rage a hannuna.

Na ce, "Wallahi Malam, ko kallonsa ka sake yi, gidanmu zan tafi."

Matar Ticha ce ta shigo da nata dutsen a ka, ta sauke a gabansa, ta goge ido da bakin zane. Ganin haka na bar shi ya ɗauki nawa. Kafin azahar magana ta zaga unguwa, mata suka riƙa aiko da duwatsunsu, wata ta shafa wa nata lalle, wata shuni, don kada a musanya. Masu duwatsun murhu ma suka kwashe suka bayar. Ranar babu gidan da aka kaɗa miya. Aka jera su a filin bayan gidanmu, aka ɗora wasu kan wasu, tulin ya kai gwiwar namiji. Dattawa suka zagaya shi suna jinjina kai, wani ya ce bai taɓa ganin dutse mai yawa haka ba, anya ma na Filato zai kai wannan.

Motar ta hau, ba zan yi mata ƙarya ba. A hankali, tana gurnani, taya ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, maza na kabbara, mata na leƙe ta katanga kowacce ido a kan nata. Nawa ya fi girma, shi aka ɗora a ƙoli. Tayar baya na taka shi na ji ƙas, ƙara ɗaya, ba mai ƙarfi ba ma. Ya rabe biyu.

Maigidana ya sauko daga tsani yana jiran masifata. Ban yi ba, wannan ya fi ba shi tsoro. Na je na ɗauki ɓari ɗaya na kai gida, na dawo na ɗauki ɗayan, na jingine su bayan madafa, sannan na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Na tsani motar, na tsani mai ita, na kuma tsani tsohuwar da ban taɓa gani ba. Na daɗe in zan yi masa magana sai dai ta bakin yara.

Da tafiya ta zo, aka ce dole a tafi da mace saboda hidimar Mama. Matar Ticha cikinta ya tsufa, sai ni. Na yarda ne kawai don in ga matar da ta ci mini dutse.

Giyar da ba ta son gaggawa ta nuna halinta a hanya. Masu keke na wuce mu suna yi mana sannu. Wajen Miga wani mai jaki ya jera da mu, ya ba mu labarin rikicin gonarsa tun daga kakansa, ya gama, ya yi sallama ya wuce gaba. 'Yan sanda kuwa in sun tsayar da mu sai su rasa abin tambaya, wani ya ce a ara masa tsanin ya hau ya gani kawai. Da muka wuce Jahun duwatsun gaske suka fara bayyana, surutun maigidana ya fara raguwa. Ranar da muka isa gindin dutsen su Ticha, ya sauka ya ɗaga kai, ya ci gaba da ɗagawa har hularsa ta faɗi.

Ya ce, "Ticha, duk wannan guda ɗaya ne?"

Ticha ya ce, "Wannan ƙaramin ne, Malam. Namu yana bayansa."

Ya yi alwala, ya yi nafila, ya hau. Nan ma ba zan ci haƙƙinta ba, ta yi abin mamaki. Ta riƙa lallaɓawa tana taka duwatsun da suka fi ɗakina girma, ni ina biye a ƙasa da rarrafe ina salati. Wajen rabin hanya cikinta ya zauna daram a kan wani dutse, tayoyi huɗu suna juyawa a iska. Nan ta tsaya.

Mutanen ƙauyen suna sama suna kallo. Su komai a kafaɗa suke hawar da shi, har kwanon rufin cocinsu, don haka ba su ga wani abin damuwa ba. Samari suka gangaro da igiyoyi da manyan sanduna, suka zura ta ƙarƙashi, wani ya ɗauko waƙa. Suna ɗagawa, suna ja, suna turawa, maigidana na zaune a sama ya riƙe sitiyari da gaske, ya ƙi kashe inji, lokaci lokaci ma har da hon. Haka aka dire ta a ƙofar ɗakin Mama.

'Yar mitsitsiya ce, duk haushina na rasa inda zan sauke shi a jikinta. Ta jawo jiki ta shafa tayar da hannu biyu, ta shinshina, ta yi magana da yarensu. Ticha ya ce wai ta ce an makara. Aka zo ɗaga ta, ta buge hannun kowa. Da hannu da mazaunai ta hau tsanin nan, ni ina tura ta ta baya, ta ce turawa ba ɗauka ba ce. Ta zauna a gaba ta gyara ɗankwali. Samari suka sake zura sanduna, suka ɗauki mota da tsohuwa da direba, suka sauko da su har inda ta maƙale ɗazu. Na kalli Ticha, ya kalle ni. Da muka iso ƙasa ta ce a gaya wa mutanen gari, ita dama ta ce a mota za ta sauko.

A Haɗeja aka yi mata aikin ido, ɗaya ya buɗe. Abin da ta gani ne ya kusa kashe ta. Ta duba gabas ta duba yamma, ƙasa a shimfiɗe har ƙarshen gani, ta tambaya ina aka kai duwatsun garin nan. Daga ranar ta juya fuska ga bango ta daina cin abinci. Ticha ya shigo wurin maigidana ya ce yana tsoron ya ɗauko uwarsa ne kawai don ta mutu a baƙon wuri.

Wata safiya matarsa ta lallaɓo da ita gidana ko hayaniyar suya za ta ɗebe mata kewa. Aka zaunar da ita bayan madafa, hannunta ya faɗa kan ɓarin dutsena. Ta shafa, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta sa kunne. Da 'yar Hausarta ta ce, "Wannan na gida ne." Ta bi bakin karayar da yatsa ta tambayi wa ya fasa. Matar Ticha ta gaya mata komai, ba ta rage ba. Mama ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe.

Ta ce, "Na uwarki ne? 'Yata, ki yafe mini."

Ni mai riƙo ce, kowa ya sani, amma nan take abin ya sake ni. Na sa aka tsallaka mata da ɓarin. A kansa take ɗora ƙafa in tana shan hantsi, a kansa take niƙa ɗan barkononta, kuma ranar ta sha gwate har ta nemi ƙari. Ta ƙara damina da dama tare da mu, jikan da aka haifa bayan zuwanta ya yi wayo a cinyarta. Motar kuwa ta koma ɗaukar kifi da tsaninta, ba ta ƙara taka dutse ba.

Da Mama ta rasu, maigidana ya ce babu mai ɗaukarta a kafaɗa, shi ya yi alkawari. Ya ja motar har ƙofar ɗakinta, aka turo akwatin a kan katako, aka tafi maƙabartar Kiristoci a hankali, ranar babu wanda ya yi ƙorafin rashin gudu. Kafin su tashi Ticha ya yi sallama a ƙofata, rungume da ɓarin dutsen, ya ce ya dawo mini da kayana. Na ce ya sa a mota, a kafa mata a wajen kai, kada ta kwanta a ƙasar da babu dutse ko ɗaya.

Ɗaya ɓarin yana nan bayan madafata. Ya yi ƙanƙanta da markaɗen wake, a kansa nake niƙa barkono.