Mukhtaru Mai Turare da Bindigar Toka

Duk wanda ya saba sayen itacen ƙamshi na ud a unguwar Rusaifa ta Makka ya san shagon Mukhtaru, ko da bai riƙe sunansa ba. Ɗan siririn shago ne tsakanin mai gyaran waya da mai gasa gurasar tamis. A unguwar Jarwal aka haife shi, a gidan kakansa wanda ya taso daga Katsina a ƙafa ya zo aikin hajji, bai sake komawa ba. Mahaifinsa ne ya fara sana'ar turare a kan tebur. Da aka rushe layinsu za a gina otal-otal, Mukhtaru ya kwashe kwalabensa da ɗan mizaninsa na tagulla ya koma Rusaifa.

Har ya kai shekara hamsin da huɗu bai taɓa riƙe bindiga ba. Ko ragon layya, maƙwabci yake kira ya yanka masa.

Kowace shekara, lokacin da furen wardi ya buɗe, yakan hau dutse zuwa Ɗa'ifa ya saro man wardi wajen wani manomi, Talal, abokin cinikinsa na shekara ashirin. A wata irin wannan tafiya ce, bayan sun ci shinkafa da nama, Talal, wanda yake kiransa da alkunyarsa ta Abu Hashim, ya ce masa, "Yau ba za ka sauka da wuri ba, ya Abu Hashim. Zo ka ga abin da muke yi ranar Asabar."

Ya kai shi wani fili a bayan gari, inda ƙungiyarsu ta masu harbi take haɗuwa. Dattawa ne wajen goma, kowa da doguwar bindiga irin wadda ake ɗurawa ta baki. Mukhtaru ya kalle su ya fashe da dariya.

"Ai wannan bindigar toka ce! Kakana ya sha ba mu labarinta. A garinsu harba-ka-ruga ake ce mata, don in ka harba ba ka samu ba, sai gudu."

Ya fassara musu da Larabci, suka yi ta dariya, wani ya ce lallai sai baƙo ya gwada. Can tsallaken kwari an kafa farantin ƙarfe, mita ɗari biyu daga inda suke. Talal ya ɗura masa, ya gyara masa tsayuwa. Mukhtaru ya rufe ido biyu ya ja kunama. Hayaƙi ya turnuƙe shi, hularsa ta faɗi, dalmar da aka ɗura kuwa har yau ba wanda ya san inda ta sauka.

Ya koma gefe yana murza kafaɗa, ya zauna yana kallonsu. A nan ya lura da wani abu da ya tsaya masa a rai. Kowa da ɗan kwanon awo yake ɗibar albarushi, wani ya cika shi fal, wani ya kaɗa, wani ya danna da yatsa. Talal ya harba biyar, biyu suka wuce sama, ɗaya ta faɗi ƙasa.

"Iska ce," in ji Talal.

"Ba iska ba ce. Hannunka ne. In na auna maka man wardi haka, da tuni ka daina gaishe ni."

Asabar ta gaba ya dawo da mizaninsa. Ya auna wa Talal albarushi daidai wa daida, ya zuba kowane awo a 'yar kwalbar turare da ya wanke ya shanya. Ya auna dalmomin ma, ya ware waɗanda nauyinsu ya zo ɗaya. A ranar Talal ya buga farantin sau huɗu cikin biyar. Ya rungume Mukhtaru har ƙafarsa ta bar ƙasa.

Daga nan fa abin ya shige shi. Ya cika takardu ya shiga ƙungiya, ya yi wata uku yana jiran rukhsa, wato takardar izinin riƙe bindiga. Da ta fito ya sayi tasa a hannun wani dattijo da idonsa ya raunana. Bai taɓa shigo da ita Makka ba. Ya ce garin Allah ba wajen yawo da makami ba ne, don haka a ma'ajiyar ƙungiya take kwana.

Matarsa Ummulkhairi ba ta hana shi ba, amma bakinta bai bar shi ya huta ba.

"Abu Hashim, shekara talatin ina alfahari mijina ya fi na kowa ƙamshi. Yanzu kana shigowa kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai. Yalla, cire rigar nan a bakin ƙofa."

"Warin albarushi ne, Hajiya."

"Na ji. A bakin ƙofa dai."

Talal ne ya koya masa sauran. Kada ya taɓa sa fuskarsa a kan bakin bindiga yana ɗuri. Albarushi farko, sannan ƙyalle da dalma, sannan a danna da sanda har ta zauna. A goge cikin bindiga bayan kowane harbi. Ya koyi buɗe ido, ya koyi riƙe numfashi, ya koyi kallon tutocin da aka kafa a kwarin don gane inda iska ta nufa. Yana da ɗan littafi da yake rubuta kowane harbi: nisa, iska, da inda dalma ta sauka. Wata bakwai ya yi kafin ya yarda ya sa sunansa a gasa.

Gasar ta mita ɗari uku ce, mutum goma sha huɗu, kowa harbi goma cikin lokacin da aka yanka. Alƙalin wani tsohon soja ne mai suna Sa'ud, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba. Mukhtaru ya fara da kyau, ya samu biyu cikin uku na farko. Yana shirin na huɗu sai wani ɗan kallo ya matso ya ce shi ma kakarsa Bahaushiya ce, ya gaishe shi da 'yar Hausar da ya iya. Mukhtaru, da ba ya iya ƙyale gaisuwa, ya amsa, ya tambayi gida da iyali, hannunsa na ta aiki. Ya kwanta, ya yi saiti, ya ja kunama.

Ƙyas. Shi ke nan abin da aka ji.

Sa'ud ya zo ya tsaya a kansa. Ya dubi bindigar, ya dubi 'yar kwalbar da ke kan tabarma cike da albarushi, ko murfinta ba a buɗe ba.

"Ya shekh," ya ce, "kai ne wanda aka ce ya fi kowa iya awo?"

"Ni ne."

"Awon ya yi kyau. Saura ka zuba."

Filin ya kaure da dariya, Mukhtaru ya fi kowa yi. Kafin a zaro dalmar da ƙugiya lokaci ya ci, ya rasa harbi biyu. Ya ƙare na tara. Talal ya zo na uku, karo na farko a rayuwarsa, ya kuma nace sai Mukhtaru ya riƙe kofin tare da shi a hoto. A hanyar gangarowa daga dutsen Hada, Mukhtaru ya kira Ummulkhairi ya ce mata ya zo na tara. Ta ce mashallah, cikin mutum tara? Ya ce goma sha huɗu. Ta ce to ya taho da 'ya'yan rumman.

Yanzu shekararsa ta uku ke nan a harkar. Bai ci kofi ba tukuna, na biyar ne mafi kyawun da ya taɓa zuwa. Amma duk sabon da ya shigo ƙungiyar, wajensa Sa'ud yake tura shi, don ya fi kowa haƙurin bayani.

Bara suka kafa faranti a mita ɗari biyar. Mukhtaru ya yi Asabar shida yana harbin ƙasa da duwatsu. A ta bakwai ya jira tuta ta kwanta, ya ja kunama. Hayaƙi ya rufe masa gaba, bai ga komai ba, bai ji komai ba. Har ya fara ɗagowa zai ce wannan ma ta tafi, sai ƙarar ƙarfe ta iso daga tsallaken kwari, siririya, kamar an taɓa kofin shayi da cokali.

Ya ajiye bindigar a hankali, ya zauna a kan tabarma. Talal ya ce ya ƙara ɗaya tun hannunsa da zafi.

"A'a," in ji Mukhtaru. "Yau na gama. Zuba mini gahawa."