Ranar da Aka Sa Ni Shan Ruwan Rijiyar da Nake Gwadawa

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, gwamnati na ta tura matasa ƙaro ilimi waje, ni saurayi ne ɗan Ƙanƙara, na gama digirin injiniya ina aiki da masu shimfiɗa hanya. Burina in yi digiri na biyu kan gine-gine da tsabtace ruwan sha. Masu tantance masu neman gurbin karatun suka ce in zo ganawa da ɗan binciken da na yi da kaina, sai na ɗaure kwalabe a bayan babur na riƙa bin rijiyoyin ƙauyuka daga Faskari har Sabuwa. Ba na yi wa kowa bayani. In zura guga, in cika kwalba, in ɗiga maganin gwaji a ciki, in wuce.

A wani ƙauye gwajin ya nuna ƙazantar masai na tsiyaya cikin rijiyar. Na ce a raina sai na tabbatar kafin in yi magana. Da na koma, ashe amai da gudawa sun ɓarke, har an binne yara. Ina sunkuye bakin rijiyar na ji an damƙe mini riga ta baya. Kafin in miƙe maza sun zagaye ni da sanduna. Wata mata ta rantse ta ga ina ɗiga wani abu a zuwana na farko. Na yi ta cewa a kwalba na ɗiga, ba mai saurare. Wani da ya rasa ɗiyarsa ya ɗaga fartanya. Sai limamin garin ya ratso ya tsaya gabana, ya miƙo mini ƙwarya cike da ruwan rijiyar.

"In ba ka zuba komai ba, sha," in ji shi.

Na fi kowa sanin abin da ke cikin ruwan, amma na shanye. Sannan suka buɗe mini hanya. Na faɗa wa liman a riƙa tafasa ruwan, na hau babur na tafi. Ranar ganawar ta same ni kwance a asibiti ana ƙara mini ruwa, gurbin ya tafi ga wani.

Daga baya na samu na yi karatun, don haka ba wannan ke cin raina ba. 'Yan'uwa masu bincike, in kun gano abin da zai cutar da jama'a, ku faɗa musu a ranar, ko ba ku gama tabbatarwa ba. Har yau in na ga yara a bakin rijiya, fuskar uban yarinyar nan nake gani.